Cututtukan da Ba a Cika Zarginsu Ba Wajen Kumburi da Lalacewar Gaɓoɓi

Galibin ciwon gaɓoɓi yana zuwa ne idan guringuntsi ya cinye saboda shekaru, ko garkuwar jiki ta juya kan gaɓa. Akwai kuma wasu cututtuka da tushensu ke wani wuri daban a jiki, a gaɓa ne kawai suke bayyana. Su ne aka fi daɗewa ana yi wa kallon sanyin ƙashi, ana shan maganin rage zogi alhali gaɓar na lalacewa.

Tarin fuka na kan gaba. Ƙwayarsa takan bi jini daga huhu ta sauka a ƙashin baya, kwatangwalo ko gwiwa, yawanci gaɓa ɗaya tak, ta yi watanni tana cin ƙashi sannu a hankali, sau da yawa ba tare da tari ba. Likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana irin wanda ke tanƙwara ƙashin baya a 1779. Abin takaici ne a makara, domin magungunan tarin fuka na warkar da shi idan an gano da wuri. Cutar burusela, da ake ɗauka daga ɗanyar madara ko dabbobi masu ita, tana kama ƙugu da ƙashin baya. Cutar Lyme kuwa kaska ce ke yaɗa ta. An gano ta a 1975 bayan yara da dama a jihar Connecticut ta Amurka sun yi ta fama da kumburin gwiwa.

Wasu daga jini suke. Mai hemofiliya jininsa ba ya daskarewa yadda ya kamata, sai ya riƙa tsiyaya cikin gwiwa, idon sawu da gwiwar hannu, har guringuntsin ya lalace tun ƙuruciya. A ciwon sikila, jini kan kasa isa kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya rufta. Cutar gado da ke sa sinadarin ƙarfe ya taru a jiki takan fara nunawa a gaɓoɓin tushen manuniya da ɗan yatsan tsakiya.

Mutuwar jijiyoyin ji, sanadin ciwon suga ko kuturta, ita ma tana rusa gaɓa: mutum na takawa a kan ƙafar da ƙasusuwanta suka tsattsage bai ji zafi sosai ba, har tafin ya karkace. Ana kiran wannan gaɓar Charcot, da sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a 1868.

Don bambance su, likita kan zuƙo ruwan gaɓa da allura a auna, a haɗa da gwajin jini da hoton ƙashi.