Addu'ar da ke cikin taken Najeriya, daga ina ta samo asali?

Tun da aka dawo da tsohon taken ƙasa, wato "Nigeria, We Hail Thee", a 2024 ake ta cacar baki a kansa a nan Zariya, a majalisun shayi na Tudun Wada, a cikin motar Samaru, har a staf rum na makarantu, amma yawanci baitin farko kawai ake ja a kai. Ni kuwa baiti na uku ne ya fi tsaya min a rai, domin shi addu'a ce tsagwaronta. Ma'anarsa dai ita ce, ya Allah mahaliccin komai, ka biya mana wannan buƙata tamu guda ɗaya, ka taimake mu mu gina ƙasar da ba a zaluntar kowa a cikinta, ta haka Najeriya ta samu albarkar zaman lafiya da wadata.

Wata Baturiyar Ingila mazauniyar Najeriya, Lillian Jean Williams, ita ta rubuta baitocin gab da samun 'yancin kai, Frances Berda kuma ta sa musu kiɗa, aka fara rerawa a 1960. Tun lokacin ma an yi ƙorafi cewa ya za a ce ƙasa ta samu 'yanci amma baƙi ne suka rubuta mata take. Haka dai aka ci gaba da shi har 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, aka sauya shi da wanda mu muka taso muna rerawa a asambuli, wanda aka haɗa daga rubutun 'yan Najeriya biyar, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya yi masa kiɗa. Toh abin lura shi ne an jefar da tsohon take kacokan amma ba a jefar da kiran Allah mahalicci ba, baiti na biyu na taken 1978 ɗin da shi ya buɗe, yana roƙon a shiryar da shugabanni, a sanar da matasa gaskiya. Kuma a tuna fa 1978 ita ce shekarar da wakilai Musulmi suka fice daga zauren majalisar tsara tsarin mulki saboda rigimar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci, wato a daidai lokacin da maganar addini ta fi zafi a siyasa aka sake zaɓen lafazin da Musulmi da Kirista duk za su iya cewa amin a kansa.

Wannan shi ne sirrin baitin a ganina. Babu sunan wani annabi a ciki, babu masallaci babu coci. Tsarin mulkin 1999 ma haka ya bi, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, amma gabatarwarsa ta ce ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Allah, rantsuwar kama aiki kuma da neman taimakon Allah ake rufe ta. A 2012 zamanin Jonathan majalisar zartarwa ta tarayya ta ce a riƙa karanta wancan baiti na biyu na taken 1978 a tarukan gwamnati maimakon a kira liman a kira fasto kowa ya yi tasa, duk da dai mun sani har gobe a tarukanmu na nan sai an ce malam ya buɗe mana da addu'a.

Akwai masu cewa ai baiti na ukun nan salon addu'ar coci ne tunda Baturiya ta rubuta, kuma na fahimci damuwarsu, amma wallahi in ka duba abin da ake roƙa ba ka ganin inda ya saɓa. Mahaliccin komai shi muke kira Rabbil alamina a kowace raka'a. Zalunci kuwa hadisi ne ingantacce Allah ya ce ya haramta wa kansa shi kuma ya haramta shi a tsakaninmu, ga kuma maganar da aka sani ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo cewa mulki na iya ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Mu a Zariya bai kamata abin ya zama baƙo a wurinmu ba, ga Wusasa nan inda Hausawa Kiristoci suke tun wajen 1929, can Gowon ya tashi, kasuwa ɗaya muke ci da su, kuma manyanmu sun ga abin da ya faru a Maris 1987 da rikicin Kafanchan ya iso garin nan aka ƙona wuraren ibada. Wanda ya ga wannan ya san darajar addu'ar da ba ta ware kowa ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda aka dawo da taken. Cikin mako guda majalisa ta wuce da ƙudurin, Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga Mayu 2024, ba a tsaya an yi wa jama'a bayani ba, ga tsadar rayuwa ta sa mutane a gaba, shi ya sa da yawa suka ƙi ma sauraren abin da ke ciki. Daga baya hukumar wayar da kai ta ƙasa ta ce baitin farko za a riƙa rerawa a yawancin taruka, na ukun kuma shi ne addu'ar ƙasa. Yaranmu na firamare yanzu sun haddace na farkon ras, amma ka tambaye su na uku ka ji, kaɗan ne za su kawo shi, masu sanin me yake nufi da Hausa kuwa sun fi ƙaranci, ni dai ina roƙon hedimastoci su riƙa fassara musu shi a asambuli.