Mai, Hayaƙi da Ƙirjin Kanawa: Amsar Tambayoyin da Kuka Ishe Ni da Su

Tambayoyin nan kullum su ne dai, daga direbobi, 'yan adaidaita sahu, da masu janareta na Kwari da Sabon Gari. Ga su na tara wuri guda. Wanda ya sake turo mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi ya karanta.

Wai mai ba mai ba ne? Wane inganci kuma?

Ba ɗaya ba ne. Akwai farar wuta a cikin ɗanyen mai tun daga rijiya, matata ce ke rage ta, kuma ragewar kuɗi take ci. Wadda aka bari, in ta ƙone a inji, tana fitowa ta salansa a matsayin iska mai yaji da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, su wuce hanci su sauka cikin huhu. Ana auna ta da kashi cikin miliyan. Turai ta tsaya a kashi 10 tun 2009. Mu kuwa mun daɗe dokarmu tana halatta har 3,000 a man gas, 1,000 a fetur. Lissafa da kanka, ninki 300 ke nan a gas.

To me ya hana gwamnati yin doka?

Doka ai an yi ta, an sake yi. A 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta tona yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa man da ba zai sayu a ƙasarsu ba, su loda shi a jirgi zuwa Afirka ta Yamma. A Disambar shekarar Najeriya da Binin da Togo da Gana da Kodebuwa suka amince za su daina karɓa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta fito da sabon ma'auni a 2017: gas 50, fetur 150, kananzir 150. Aka yi ta ɗage aiwatarwa. A 2020 ECOWAS ta sa 50 ga man da ake shigowa da shi, ta ba matatun gida wa'adi zuwa 2025. Dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, ita ce da alhakin sa ido. Har Holan da Beljiyam sun hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu, a 2023 da 2024. Saboda haka ku daina ce mini a yi doka. Ku tambayi wanda ke ɗibar samfuri daga famfon gidan mai a Hotoro ko Kurna, sau nawa yake ɗiba, kuma ina ake manna sakamakon. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a cikin tanka, kuma takardar da aka buga wa hatimi a bakin teku ba ta san abin da ya faru a hanya ba.

Ina gane mai mai kyau da launinsa, ko ba haka ba?

Ba ka ganewa, Alhaji. Farar wuta ba ta da launi a cikin mai, sai na'ura.

Ba hazo ne ke sa mu tari ba? Me ya haɗa shi da mota?

Hazo na da nasa laifin, ƙurar da iska ke kwasowa daga wajen Chadi ba mu da yadda za mu yi da ita. Amma a hunturu iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa da safe da kuma bayan magariba, sai ta danne hayaƙin gari ta hana shi tashi. Je ka tsaya a Bata ko Kofar Mata bayan la'asar sakaliya, ka dubi fitilar motoci yadda haskenta ke ratsa wani shuɗin abu a tsayin fuskar mutum. Wannan ba daga Chadi ya zo ba. Mai tallan lemo, ɗan KAROTA, yaron da ke goye, su ne ke shaƙarsa yini guda. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Masu asma kuwa ba sai an faɗa musu ba, ƙirjinsu ya riga ya faɗa.

Makanikena ya ce indomin motata ta toshe saboda man Najeriya, in bari ya fasa ya cire. In yarda?

Yauwa, wannan ce tambaya. Zauna.

Da farko, ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Indomi, wato abin nan da ke cikin tukunyar salansa, mai ƙananan ramuka, an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, su ne ke ƙone gubar hayaƙi kafin ta fita. Farar wuta tana lulluɓe waɗannan ƙarafa ta rage musu ƙarfi, kuma motocin Beljiyam da na Kwatano an ƙera su ne don mai mai ƙarancin farar wuta. Wannan gaskiya ne.

Sai dai rage ƙarfi daban, toshewa daban. A mafi yawan motocin fetur da na gani, abin da ke toshe ta ko ya narkar da ita daga injin yake: filogi ya mutu ɗanyen mai yana wucewa ya ƙone a cikin salansa, ko injekta tana zuba fiye da kima, ko ringi ya ci inji yana shan baƙin mai. In ka cire indomi ka bar wannan, ciwon yana nan, alamarsa kawai ka ɓoye. Don haka kafin a ɗauko guduma, a sa kwamfuta a karanta. A kwance filogi a duba kansa: in baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, mai ya yi yawa, in jiƙe yake da maiƙo, baƙin mai ne. A duba matatar iska ma, don a ƙurar Kano ba ta kai kwanakin da littafin mota ya rubuta.

Alamar toshewa ta gaske ita ce mota ta tashi lafiya amma ta kasa ja, ka taka totur a hawan gadar Ƙofar Nasarawa ta yi maka nishi, ƙasan motar ya yi zafi fiye da yadda ka sani. In ka bubbuga tukunyar da hannu bayan ta huce ka ji kacau-kacau a ciki, ta farfashe, babu wankin da zai dawo da ita. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa yana iya zama na man da ka sha ne. Canza gidan mai, ka ba motar doguwar tafiya kamar zuwa Zariya ta ɗauki zafi sosai, sau da yawa yana raguwa. Na ce sau da yawa, ban ce kullum ba.

In ta tabbata ta mutu, abin da ya dace a sa wata. Na san kuɗinta, na san halin da ake ciki tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kuma ta gwanjo a Kofar Ruwa sa'a ce, wata ƙwarya ce kawai an riga an kwashe cikinta. Ba zan zage ka ba in aljihu ya gaza. Amma ka sani motar da aka fasa wa indomi tana fitar da guba ninki-ninki, fitilar inji za ta kama ta ƙi mutuwa a yawancin motoci, kuma wanda ke bayanka a cunkoso shi zai biya. Sannan abu guda: in an cire, ka karɓi abarka a hannu. Ana sayenta da tsada saboda ƙarafan nan. Ba na ce makanikenka ɓarawo ba ne, akwai masu amana da yawa, amma duk wanda ya yanke hukuncin cirewa tun bai buɗe bonet ba, nemi wani ya sake dubawa.

Masu sababbin motocin gas naku ya fi wuya. Matatar toka da ke salansarku ba ta jure mai mai yawan farar wuta, kuma gajerun tafiye-tafiyen cikin gari ba sa ba ta zafin da za ta ƙone abin da ta tara. Gare ku gidan man da kuke sha ba abin wasa ba ne, haka irin baƙin man da ake zuba muku.

Na 'yan bumburutu fa? Wani lokaci ya fi kusa.

Kusa da garejin makanike, e. Wani mai ne lafiyayye da aka saya a gidan mai, wani an sirka. In dole ta sa, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa. Ɗiga a farar takarda: fetur zalla yana bushewa ya tafi, mai haɗin kananzir ko gas yana barin maiƙo. Iyakar abin da za ka iya gani ke nan. Kuma kada gidan mai ya yi mana fankama, man da aka gano methanol ya yi masa yawa a Fabrairun 2022, wanda ya jawo dogayen layuka, ba a jarka ya shigo ba, a jirgin ruwa ya zo daga Antwerp.

Matatar Dangote ba ta gama magance wannan ba?

Matata ce ta zamani mai ganga 650,000 a rana, tana da na'urorin cire farar wuta, ta fara fitar da fetur a Satumbar 2024. Alheri ne. Amma ku tuna cacar bakin Yulin 2024, lokacin da shugaban NMDPRA ya ce gas ɗin matatun gida ya fi na waje farar wuta, Dangote ya musa har ya yi gwaji a gaban 'yan majalisar wakilai. Ni da kai muna gefe, ba mu da ɗakin gwajin da za mu ce ga mai gaskiya. Abin da nake nema ke nan: awo daga wanda ba ya sayar da mai, a buga shi kowa ya gani, na ɗan gida da na baƙo.

Mai mai tsabta ba zai ƙara tsada ba?

Tacewar tana da kuɗi, ba na musu. Amma farashin lita ya ninka ya sake ninkawa ba don an tsabtace shi ba, canjin dala da cire tallafi ne suka yi wannan. Tunda muna biyan kuɗin kasuwar duniya, a ba mu irin man kasuwar duniya.

Adaidaitata tana shuɗin hayaƙi, man ne?

A'a, ɗan'uwa, injinka ne ke shan baƙin mai. Kai ta a sa ringi. Ko man Jamus ka zuba mata haka za ta yi.

Anya irin wannan gyara zai taɓa yiwuwa a ƙasar nan?

Kwantar da hankalinka, Hajiya, an taɓa yi. Da ana zuba dalma a fetur, gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Zuwa farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina, Aljeriya ce ta rufe ƙofa a duniya a 2021. Mota ba ta daina tafiya ba, yawancinku ma ba ku san an yi ba.

In man ya gyaru, zan iya kunna janareta a soro in rufe ƙofa saboda ɓarayi?

Haba! Iskar da ke kashe mutane cikin barci ba ruwanta da farar wuta, ba ta da wari, kuma kowane irin fetur yana fitar da ita. Fitar da shi tsakar gida, nesa da taga, ka ɗaure shi da sarƙa.