Masu tambayata kan buga kati, ga amsarku wuri ɗaya

Tunda na fara buga katin karin magana da na koyon baƙaƙe na yara, kullum tambayoyin nan ne dai, wani ma sha biyun dare zai kira. Dan Allah ku karanta kafin ku kira.

Akwai riba?

Akwai, in kayan sun fita. In suna jibge a ƙarƙashin gado babu.

Na ga Turawa na samun kuɗi da katin tarot, in yi irinsa?

A'a. Kati 78 ne, a Italiya aka fara shi ƙarni na 15 a matsayin karta, daga baya aka mai da shi abin duba. Kai da ka san matsayin duba a wajenmu, wa za ka sayar wa a Kano? Abin da ya kamata ka ɗauka a wajensu shi ne yadda suke tara kuɗin, mai zane zai nuna hotunan a shafin intanet na tara kuɗi mai suna Kickstarter mutane su biya tun ba a buga ba, kamfanin ya cire kashi 5 cikin 100. Ba sa buɗe wa wanda ke Najeriya, amma ai kafin alƙalami ne, mu ma mun san shi.

In ɗauko hotuna a intanet?

Haba malam. Zanen wani ne. Ka biya mai zane, kuma ku rubuta a takarda cewa zanen ya zama naka.

Guda nawa zan buga, kuma a ina?

To nan ne ba ni da amsa ɗaya, ya danganta da aljihunka da kuma wa ka riga ka yi magana da shi. Babban inji sai an haɗa masa launi huɗu kowanne da farantinsa, kuɗin nan ko ɗari za ka buga ko dubu biyar sai ka biya shi, shi ya sa mai madaba'a zai ce ka ƙara yawa kowane kwali zai sauko, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya maka wa zai saye su ba. Ƙaramin inji na kwamfuta kowane kwali ya fi tsada amma za ka iya yin hamsin ka gwada. Ni dai a ganina ka fara da shi, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. Shomolu a Legas sun fi mu injina, amma ga kuɗin mota, kuma in launi ya kauce ba ka kusa. Chaina sun fi kowa iya yankan kusurwa da kwali mai kyau, to amma da dala ake magana, tun da aka saki naira a 2023 farashin da aka ba ka yau ba lallai ya kai ranar biya ba, ga kwastan ga jira. Wataƙila in ka yi bugu biyu ya ƙare ka fara tunaninsu, wataƙila ma ba sai ka je ba. Kuma ku daina manta kuɗin kwali da leda da haɗawa. Bugun farko ni da ƙannena muka baje tabarma a tsakar gida muna tsintar kati ɗaya-ɗaya, duk da haka wata baiwar Allah ta dawo da nata babu harafin ƙa.

Masu shagon littattafai za su karɓa?

Za su karɓa, a Sabon Gari ko Kurmi, amma yawanci sai an sayar a ba ka, kuma da nasu kason. In ba ka sa shi a lissafi tun farko ba uwar kuɗinka za ka ci.

Na buga da yawa sun ƙi tafiya, na yi asara ke nan?

Kwantar da hankalinki Hajiya, kati ba tumatir ba ne. Ki ɗauke su daga ƙasa saboda laimar damina, ki ɗauki guda biyar ki shiga makarantun unguwarku da Islamiyyu ki zauna da shugaban makaranta ki bar yara su taɓa, ni a nan na fi sayarwa. Na nesa kuma su turo kuɗin kaya da na mota tukuna kafin ki kai tashar Unguwa Uku.