Man haɗi na bilicin: a kan wa aka gwada shi kafin ke?

Da wuya mako ya wuce ba mu ga mace a asibitinmu da makero ko ƙyasbi ya mamaye mata wuya da ƙirji ba, ta sha magani har ta gaji, abin ya ƙi tafiya. Idan na tambayi man da take shafawa, sai ta sunkuyar da kai: "Haɗi ne, wata ce ke haɗa mana."

'Yar'uwa, da yawa daga irin wannan man akwai sinadarin clobetasol a ciki. Magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa na 'yan makonni, aikinsa kwantar da garkuwar fata. Fata za ta yi haske, amma masu gadinta sun yi barci, cuta ta samu ƙofa a buɗe.

Gane yadda sinadari ke taɓa garkuwar jiki ko masana yana ba su wuya. An daɗe ana gwaji da ɓeraye da birai. A watan Maris na 2006, a Landan, aka yi wa maza 6 masu lafiya allurar wani sabon magani, TGN1412. Birai sun ɗauki ninki 500 na abin da aka ba mutanen, lafiya lau. Su kuwa cikin sa'o'i kaɗan garkuwar jikinsu ta birkice, ta far wa sassan jikinsu, duka shidan da ƙyar aka ceto rayukansu. Jikin biri daban, na mutum daban. Shi ya sa yanzu ake rainon ƙwayoyin fata da na jinin ɗan Adam a ɗakin gwaji, a ɗiga musu sinadarin, a ga ko za su tayar da ƙayar baya. Tun 2013 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan shafa da aka gwada a kan dabbobi.

To man haɗi fa? Bai bi ta ɓera ba, balle ɗakin gwaji. A fatarki ake gwada shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, wasu iyayen har jarirai suke shafa wa, alhali fatar jariri siririya ce, tana tsotse maganin ya shiga jini.

Idan kin daɗe kina shafawa, kada ki daina dare ɗaya, fatar kan yi ja ta dinga raɗaɗi. Ɗauko robar man ki zo da ita asibiti, mu duba ko tana da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da jerin abin da ke ciki, a rage miki shi sannu a hankali.