Firanayama: Abin da Masu Yoga Ke Nufi da Awon Numfashi

Baligi mai lafiya, idan yana zaune a huce, yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma bai ma san yana yi ba. Masu yoga na ƙasar Indiya sun daɗe suna ganin wannan a matsayin gaggawa. Suna da suna na musamman ga aikin rage wa numfashi gudu da sa masa awo: a rubuce pranayama, a bakin Bahaushe kuwa firanayama. Kalmar ta cika bidiyoyin motsa jiki a YouTube, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikinta a 2015. Sai dai masu ambaton ta sukan haɗa abu biyu a kwano ɗaya: saurin numfashi, wanda agogo ke iya aunawa, da "gudanar ƙarfin rai", wanda aƙida ce ta masu abin.

Kalmar ta Sanskirit ce, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, kuma gida biyu gare ta. Gidan farko firana, wato numfashi, amma numfashin da ke ɗauke da rai. Wannan ba baƙo ba ne a kunnenmu, don idan muka ce mutum yana da sauran numfashi, rai muke nufi. Gida na biyu ayama, wato miƙewa ko tsawaitawa. Wasu malamansu sukan ce yama ce, wato kamewa. Ko wanne aka ɗauka, hoton ɗaya ne: doki ne ake sa wa linzami.

Littafin da aka fi jingina kalmar gare shi shi ne na Fatanjali, wani malamin Indiya na zamanin da, wanda ya kasa yoga matakai takwas. Lanƙwasa jikin nan da muke gani a hotuna, mutum ya naɗe ƙafa kamar ba shi da ƙashi, yana ƙarƙashin mataki na uku ne. Firanayama ce ta huɗu, kuma daga ita ake shiga matakan tara hankali wuri ɗaya. Fatanjali ya ce ana auna numfashi da wuri da lokaci da adadi, har ya zama dogo kuma siriri. Wani abin sha'awa: tun a ƙarni na 11 malamin nan Albiruni ya mayar da littafin zuwa Larabci, ke nan malaman Musulunci sun san da zancen kusan shekara dubu da ta wuce.

A aikace, numfashi ɗaya kashi uku ne. Akwai furaka, jan iska har huhu ya cika. Akwai recaka, sakin ta. A tsakaninsu akwai kumbaka, riƙewa, kuma sunan ya fito ne daga kalmarsu ta tulu: jiki ya tsaya cik kamar tulun da aka cika da ruwa har baki. Awon da ya fi shahara a wajensu shi ne 1:4:2. Idan ka ja iska na sakan 4, sai ka riƙe na sakan 16, ka sake ta cikin sakan 8. Jimla sakan 28, wato kusan numfashi biyu kacal a minti. Wanda ya saba da sha biyar a minti, ranar farko ba zai kai ko'ina ba, shi ya sa malaman kirki sukan hana sabon shiga riƙewar gaba ɗaya.

To, ina zancen gudanar ƙarfi ya shigo? A fahimtar masu yoga, jiki cike yake da hanyoyi da suke kira nadi, waɗanda firana ke bi kamar yadda ruwa ke bin kwalbatin lambu. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya ce guda 72,000 ne, amma uku ne manya. Ida tana ƙarewa a kafar hanci ta hagu, ana danganta ta da wata da sanyi. Fingala tana dama, ita ce ta rana da zafi. Sushumna kuma tana tsakiya, tana bin layin ƙashin baya, kuma babban burin mai yoga shi ne ya kora firana cikinta. Daga nan aka samo atisayen toshe kafar hanci ɗaya da yatsa a shaƙa ta ɗayar, sannan a sauya, wanda suke kira nadi shodana, wato wanke hanyoyi.

Likitan fiɗa ba ya cin karo da nadi idan ya buɗe jikin mutum. Taswira ce ta masu ibada, kamar yadda kowace al'umma ke da irin tata hanyar fasalta abin da take ji a jiki. Amma kada a yi saurin yi musu dariya, don akwai abin da suka lura da shi daidai. Sa yatsa a ƙasan hancinka yanzu ka fesar da iska: galibi za ka ji kafa ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, bayan 'yan sa'o'i kuma su yi musaya. Wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana wannan a 1895. Naman cikin hanci ne ke kumbura a gefe ɗaya ya saɓe a ɗayan. Masu yoga sun ga abin tun da daɗewa, sai suka sa masa sunan rana da wata.

Inda zancen ya fi daɗi, a ganina, shi ne wajen mantira. Mantira kalma ce ko gajeriyar jimla da ake maimaitawa, sau da yawa da carbinsu mai ƙwaya 108. Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya ji "Om" ɗin nan da ake ja a wuraren bautarsu. Akwai wata da suke cewa jiki da kansa yake yin ta ba tare da an sa shi ba: "so" lokacin shaƙa, "ham" lokacin fitarwa. Sun ƙiyasta cewa mutum yana yin ta sau 21,600 a yini da dare. Yi lissafin ka gani: 15 a minti, sau 60, sau 24. Daidai yake fitowa.

Abin da mantira ke yi wa numfashi mai sauƙin ganewa ne. Ba a magana sai iska na fita. Idan jimlar tana da tsawo, dole fitar iskar ta yi tsawo, shaƙar kuma ta zama gajera. Maimaitawa sai ta mayar da abin kamar kiɗan da ba ya sauya taki. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a mujallar likitocin Birtaniya ta BMJ. Sun sa mutum 23 karanta addu'ar Ave Maria ta Katolika da harshen Latin, sannan suka sa su maimaita wata mantira ta yoga. Duka biyun sun sauko da numfashi zuwa kusan sau 6 a minti. Harshe daban, addini daban, ma'ana daban, amma taki ɗaya.

Me ya sa shida ke da muhimmanci? Zuciya ba ta bugawa da sauri ɗaya. Tana ɗan ƙara gudu idan ka shaƙa, ta ɗan sassauta idan ka fitar, ta hannun wata doguwar jijiya mai suna bagus da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta gangaro ƙirji da ciki. Shi ma ƙarfin jini a jijiyoyi yana da nasa hawa da sauka, kusan duk sakan 10. Numfashi shida a minti kuwa, ɗaya ke nan a kowane sakan 10. Sai takin numfashi da na ƙarfin jini su haɗu su tafi tare, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya, wannan ta sauke. Natsuwar da mutum ke ji a lokacin, kafaɗu su saki, ƙirji ya yi sakayau, ita ce malamin yoga zai ce firana ta daidaita. Wannan ba ya nufin an sami maganin hawan jini. Mai shan ƙwayar hawan jini ya ci gaba da shan abarsa.

Ba dukan firanayama ce ta sannu a hankali ba. Akwai bastirika, wadda ma'anar sunanta zugazugi ne, irin na maƙera, ana ja ana fesarwa da ƙarfi da sauri. Akwai kuma kafalabati, inda ake ta buga ciki ana tunkuɗo iska ta hanci. Nan ne aka fi samun ruɗani. Bayan ɗan lokaci mutum zai ji jiri, yatsu da leɓe su fara tsirawa kamar ana soka masa allura, wani ma ya ga haske-haske. Masu bidiyo sai su ce ga shi nan, ƙarfi ya fara gudana. Abin da ya faru shi ne an fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima, sai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka tsuke. Wanda ya taɓa hura wutar itace ɗanye har kansa ya juya ya san wannan "ƙarfin" ba tare da ya biya kuɗin aji ba. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da mai hawan jini, da mai farfaɗiya, su nisanci irin wannan da kuma dogon riƙe numfashi. Ba a kuma yin sa a cikin ruwa ko a kan tuƙi. Su kansu magabatan yoga sun yi kashedi: littafin nan na ƙarni na 15 ya ce yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake yi wa numfashi, in ba haka ba ya hallaka mai shi.

Sauran batun da mai karatu Musulmi ko Kirista zai so ya sani: mantira ba sauti ne kawai ba. "Om" kalma ce mai tsarki a addinin Hindu, "so ham" kuwa fassararta "Ni ne Shi", wadda ke ɗauke da aƙidar cewa ran mutum da abin bauta abu ɗaya ne. Saboda irin haka ne majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yoga a 2008. A farkon 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana wadda ke haɗe da mantira da ibadun Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Shi dai takin numfashin bai dogara da kalmomin ba, kamar yadda binciken Italiya ya nuna. Wanda ya zauna ya ja iska ta hanci yana ƙirga sakan 4, ya sake ta yana ƙirga 6, ya riga ya sauka kan shida a minti.