Waiwaye: Yadda Aka Daɗe Ana Gwajin Mofin Ba Tare da Macen Ɓera Ba

Duk lokacin da zancen tiramol da kodin ya taso, sai an tambaya ko jikin mace da na namiji iri ɗaya suke karɓar waɗannan ƙwayoyi. Wannan tambaya ta tsufa a ɗakunan bincike.

A farkon ƙarni na 19 aka tace mofin, maganin kashe zafi ɗan dangin tiramol da kodin, daga ofiyam, wato ƙaron wani fure. A 1973 aka gano gurbin da yake kamawa a ƙwaƙwalwa, a 1975 kuma John Hughes da Hans Kosterlitz, a Aberdeen ta ƙasar Scotland, suka nuna jiki ma yana ƙera irin nasa sinadarin. Sai dai galibin gwaje-gwajen a kan ɓeraye maza aka yi su. Hujjar ita ce homon ɗin macen ɓera, wato sinadarin jiki mai tafiyar da al'amuran haihuwa, yana hawa da sauka duk kwana 4 zuwa 5, wai zai dagula sakamako. A ganina nan gizo ke saƙa.

A 1996 Theodore Cicero da abokan aikinsa a St. Louis, Amurka, suka nuna mofin ya fi kashe wa namijin ɓera zafi fiye da mace. Aikinsu da ba a cika ambata ba shi ne na 2002. Sun cire 'ya'yan maraina da ƙwayayen haihuwa na ɓeraye manya, bambancin bai gushe ba. Sai suka koma kan jarirai 'yan kwanaki: suka fiɗiye mazan, suka yi wa matan allurar testostiron, homon ɗin maza. Da suka girma, mazan suka rage jin mofin, matan kuma suka ƙara jin sa kamar maza. Ashe homon ya riga ya tsara ƙwaƙwalwa tun ɓeran bai buɗe ido ba. Mai auna homon ɗin babban ɓera kawai ya makara.

Ta fuskar jaraba kuwa, a 1999 Wendy Lynch da Marilyn Carroll a Minnesota suka ga matan ɓeraye sun fi mazan saurin koyon danna ɗan ƙarfen da ke zuba musu hiroyin a jijiya, daga baya aka ga istirojin, homon ɗin mata, na ƙara wannan saurin. Wajen sabo, inda sai an ƙara magani kafin ya yi aiki, rukunin Anne Murphy ya samu ɓeraye maza sun fi nuna shi.

Wani nazari na 2014 ya nuna sakamakon matan ɓeraye bai fi na maza rikicewa ba. A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa masu neman tallafinta la'akari da jinsi.