Aron matasan 'yan ƙwallon ƙafa

Aro a ƙwallon ƙafa shi ne ƙungiya ta miƙa ɗan wasan da take da kwantiragi da shi ga wata ƙungiya, ya buga mata wasa na wani ƙayyadadden lokaci, yawanci rabin kaka ko kaka guda, daga nan ya koma gida. Ana ba da manyan 'yan wasa aro don rage nauyin albashi, amma inda aka fi yinsa shi ne kan matasa 'yan shekara 18 zuwa 23, waɗanda suka fi ƙarfin gasar yara amma ba su samu gurbi a babbar ƙungiya ba. Abin da ake nema wa irin wannan matashi shi ne mintuna a cikin fili, a wasan da maki uku suke da muhimmanci. Idan bai samu mintunan ba, to benci kawai ya canza.

Asali

Babu takamaiman ranar da aka fara aro. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyoyin Ingila sun riƙa sa 'yan wasan wasu ƙungiyoyi a matsayin baƙi, musamman waɗanda aikin soja ya kai kusa da su, kuma ana ganin tsarin aro a hukumance ya zauna a ƙasar wajen shekarun 1960. Kafin ya yaɗu, matashi yana gogewa ne a gasar ƙungiyoyin ko-ta-kwana, irin Central League da aka kafa a 1911, inda yaro ɗan shekara 18 zai kara da tsofaffin hannu da ke dawowa daga jinya. Da wannan gasa ta yi rauni, aka koma haɗa yara da sa'o'insu kaɗai, sai giɓin ya fito fili.

A shekarun 1990 aron gajere ne. Manchester United ta tura David Beckham zuwa Preston North End a 1995, ya buga wasa biyar ya ci biyu, ɗaya kai tsaye daga bugun kwana. Frank Lampard ya je Swansea daga West Ham a kakar 1995/96, John Terry kuma ya yi ɗan zama a Nottingham Forest a 2000. Jermain Defoe, da West Ham ta bai wa Bournemouth a kakar 2000/01, ya ci ƙwallo a wasa goma a jere. Har zuwa 2016 ƙananan rukunan Ingila suna da aron gaggawa na kwana 93 da ake iya ƙullawa ko kasuwar 'yan wasa a rufe take. An soke shi, ban da na mai tsaron raga, wanda ake yi na kwana bakwai idan gololin ƙungiya duk suka kwanta rauni.

Italiya ta bi wata hanya dabam na tsawon shekaru: ƙungiyoyi biyu su mallaki ɗan wasa rabi da rabi, yana bugawa ɗaya, idan wa'adi ya cika ba su daidaita ba kowacce ta rubuta tayinta a rufaffiyar ambulan, wadda ta fi tayi ta ɗauka. An sanar da soke wannan tsari a 2014. A da, a Jamus an fi son aro mai tsawo. Bayern Munich ta bar Philipp Lahm a Stuttgart kaka biyu, daga 2003 zuwa 2005, ta kuma bar Toni Kroos a Bayer Leverkusen wata 18 daga Janairun 2009. Dukansu sun dawo sun shiga sahun sha ɗayan farko.

Lissafin mintuna

Masu kula da matasa mintuna suke ƙirgawa, domin adadin wasanni yana ruɗi. Gasar da ke da wasa 38 tana da minti 3,420, rukuni na biyu na Ingila mai wasa 46 kuma yana da 4,140. Matashin da aka sako sau 25 a minti goman ƙarshe, a takarda ya buga wasa 25, amma minti 250 ke nan, bai kai cikakken wasa uku ba. Kuma yawancin irin wannan shiga ana yinta ne bayan wasa ya riga ya mutu.

Akwai abubuwan da atisaye ba ya koyarwa ko da a gefen fitattun 'yan wasa ake yinsa. Ɗan baya da ya saba da gasar 'yan ƙasa da shekara 21 bai taɓa haɗuwa da ɗan gaba mai shekara 32 da zai taka masa ƙafa kafin a bugo kwana, ya riƙe masa riga ta inda alƙalin wasa ba ya gani ba. Bai san buga wasa Asabar da Talata da wata Asabar a jere da ciwon jiki ba, bai kuma taɓa zama a ɗakin canza kaya da mutanen da albashinsu zai ragu idan ƙungiya ta faɗi daga gasa ba. Matsayi ma yana da tasiri. Ɗan gefe ko ɗan gaba ana iya sako shi a minti na 70, musamman tun da aka tabbatar da canji biyar a 2022, amma koci ba ya taɓa gola ko 'yan tsakiyar baya sai dole. Shi ya sa masu tsaron raga suka fi kowa yawon aro: Jordan Pickford ya zaga ƙungiya shida tun daga Darlington a 2012 har Preston, kafin ya kama ragar Sunderland.

Abin da yarjejeniya ke ƙunsa

Sai da amincewar ɓangare uku a rubuce: ƙungiyar da ta mallaki ɗan wasa, mai karɓa, da shi ɗan wasan. Abin da aka fi ja a kai shi ne albashi. Wani lokaci mai karɓa ce ke biya duka, wani lokaci a raba, kuma idan ƙaramar ƙungiya ce sosai babbar takan ci gaba da biyan kusan komai. Akan ɗora kuɗin aro a kai, sau da yawa a ɗaure shi da yawan wasanni, ta yadda idan yaro ya buga da yawa kuɗin ya ragu, idan aka ajiye shi a benci ya ƙaru. Akan sa sharaɗin dawo da shi a watan Janairu idan ba ya bugawa ko an samu masu rauni a gida, a kuma fayyace wanda zai ɗauki nauyin jinya da inda za a yi ta.

Wasu yarjejeniyoyin suna da zaɓin saye a kan farashin da aka yanke tun farko, wasu kuma wajibcin saye ne da zarar an cika wani sharaɗi, kamar adadin wasanni ko tsira daga faɗuwa. Na biyun ciniki ne da aka jinkirta biyansa, sunan aro kawai yake ɗauke da shi. Kafin a tura matashi mai daraja, yawanci sai an sabunta kwantiraginsa, don kada ya haskaka a waje ya dawo saura shekara guda.

Sharaɗin hana ɗan aro karawa da ƙungiyarsa ya bambanta. A gasar Firimiya doka ce. A Sifaniya ana rubuta shi a yarjejeniya, 'yan jarida suna kiransa sharaɗin tsoro. A gasannin Turai hukumar UEFA ba ta yarda da shi: a 2014 ta ce duk wani sharaɗi irin wannan bai da inganci, Thibaut Courtois kuma ya tsare wa Atlético Madrid raga a wasan kusa da na ƙarshe na Gasar Zakarun Turai, aka fitar da Chelsea da ta ba da shi aro.

Dokoki

Daga 1 ga Yulin 2022 FIFA ta taƙaita aro tsakanin ƙasashe. A kakar farko ƙungiya na iya ba da takwas ta karɓi takwas a lokaci guda, aka rage zuwa bakwai a kakar da ta biyo, sannan shida daga Yulin 2024. Tsakanin ƙungiyoyi biyu ba a wuce uku. Mafi tsawon aro shekara guda ne, mafi gajarta kuma tazarar da ke tsakanin buɗe kasuwa biyu, kuma an hana mai karɓa ta sake ba da ɗan wasan aro ga wata. An cire daga ƙidayar shida wanda aka tura kafin ƙarshen kakar da ya cika 21, muddin ƙungiyar ce ta rene shi, wato ya yi kaka uku ko wata 36 a rajistarta tsakanin shekara 15 da 21. Sharuɗɗan biyu tare suke tafiya, ɗaya bai isa ba.

Wata tsohuwar doka takan kama waɗanda ba su lura ba. Ɗan wasa na iya rajista da ƙungiya uku a kaka guda, amma biyu kawai zai bugawa wasan hukuma. Idan koci ya sako yaro na minti biyar a watan Agusta, sannan aka tura shi aro bai yi daɗi ba, a Janairu gida kawai zai iya komawa. A Firimiya ƙungiya ba ta riƙe fiye da 'yan aro biyu daga takwarorinta na gasar a lokaci guda, a ƙananan rukunai uku kuma biyar ne iyaka a jerin 'yan wasan ranar wasa.

Zaɓen inda za a tura shi

Girman sunan mai karɓa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, ko da yake shi wakilai da iyaye suka fi so. Ana fara duba ko akwai gurbi a matsayinsa, da mutum nawa ke gabansa, da ko kocin ne da kansa ya nemi yaron ko daraktan wasanni ne ya kawo masa. Sai salon wasa. Ɗan tsakiya da aka rena kan karɓar ƙwallo daga 'yan baya, idan ya faɗa ƙungiyar da ke cilla dogayen ƙwallaye sai ya wuni yana kallonta tana wucewa ta samansa. Manyan ƙungiyoyi yanzu suna da jami'in kula da 'yan aro, yawanci tsohon ɗan wasa, da ke zuwa kallon wasanni, yana tura wa yaro bidiyon kurakuransa, yana karɓar bayanan gudu da nauyin atisaye daga likitocin can.

An fi son hawa mataki mataki. Mason Mount ya yi kaka a Vitesse ta Holan, ya yi wata kakar a Derby County, ya shiga Chelsea a 2019. Martin Ødegaard ya bi ta Heerenveen da Vitesse da Real Sociedad, duk da cewa a ƙarshe Arsenal ce ta ci moriyar renon, ba Real Madrid ba. Victor Osimhen bai ci ko ɗaya a Wolfsburg ba, ya je Charleroi ta Beljiyam aro a 2018 ya dawo da ƙafarsa, shekara guda bayan nan Lille ta saye shi.

Inda abin ke lalacewa

Babbar matsalar ita ce buƙatun ɓangarorin ba ɗaya ba ne. Kocin da ke tsoron kora ba shi da haƙurin gyara ɗan wani, ya kuma san zanen aro ba ya rufe katara, a watan Mayu yaron zai tattara ya tafi. Idan ɗan aro da ɗan gida suka yi kunnen doki, ɗan gida zai sa. Idan aka kori kocin da ya kawo yaron, sabon yakan zo da nasa ra'ayin. Serge Gnabry ya je West Bromwich Albion daga Arsenal a 2015, ya buga wasan gasa ɗaya tak, koci Tony Pulis ya ce bai kai matakin ba, aka dawo da shi a Janairu. A 2017 Bayern Munich ta saye shi.

Harry Kane, wanda ake yawan kafa hujja da shi, aronsa huɗu ba duka suka yi kyau ba. Ya samu wasa a Leyton Orient da Millwall, ya karye a ƙafa a Norwich, ya sha benci a Leicester. Akwai kuma abin da ba ya fitowa a ƙididdiga: yaro ɗan shekara 19 shi kaɗai a ɗakin otal, a garin da bai jin harshensu, babu mai lura da abin da yake ci ko lokacin da yake barci.

Wani aron kuma takarda ce ke jawo shi. Liverpool ta sayi Taiwo Awoniyi a 2015, bai samu izinin aiki a Birtaniya ba, ya yi aro bakwai a Jamus da Holan da Beljiyam, aka sayar da shi ga Union Berlin a 2021 bai taɓa buga wa Liverpool wasan hukuma ba.

Wasu hanyoyin

A Sifaniya ƙananan ƙungiyoyin manyan kulob suna buga gasar manya, sai dai ba sa zama rukuni ɗaya da iyayensu. Castilla ta Real Madrid ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 1980, ta sha kashi 6-1 a hannun babbar. A Jamus iyakarsu rukuni na uku, a Holan na biyu, Juventus kuma ta shigar da tata rukuni na uku na Italiya a 2018. Amurka ta buɗe MLS Next Pro, gasar da irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ke bugawa, a 2022. Akwai kuma sayarwa da sharaɗin sake saye, kamar yadda Real Madrid ta yi da Dani Carvajal, ta sayar wa Leverkusen a 2012 ta dawo da shi a 2013. Amfanin wannan shi ne mai saye tana ganin yaron nata ne, don haka tana sa shi. Wasu kuma ba su taɓa fita ba, irin Phil Foden da Bukayo Saka.

Saɓani

An daɗe ana sukar tara matasa don kasuwanci. Chelsea ta yi kakanni tana da fiye da 'yan wasa 30 a waje, wasunsu ba su taɓa sa rigarta a wasan hukuma ba. Masu kare tsarin suna cewa ƙananan ƙungiyoyi na samun ƙwararru da araha, masu suka suna cewa yana hana su renon nasu. Mallakar ƙungiyoyi da yawa a hannu ɗaya ta ƙara dagula batun. Watford ta cika da 'yan aro daga Udinese da Granada a kakar 2012/13, lokacin duk ukun na iyalan Pozzo ne, har hukumar gasar ta gyara dokarta a 2013. Iyakar uku ta FIFA tana shafar irin waɗannan 'yan'uwan ƙungiyoyi, amma ba ta hana su sayar wa juna ɗan wasa kai tsaye.